Hinnerk Mai Rufe Bawul

Hinnerk Thiessen ɗan wani ƙauyen masunta ne a bakin Tekun Gabas, kusa da Kappeln. Ubansa mai gyaran famfo ne, kuma abu ɗaya ya koya masa, da duka da lallashi: in ka buɗe, ka rufe. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka ɗauke shi sojan ruwa. Aka ga ya san bututu, sai aka tura shi wani ƙaramin jirgin nutso, irin na sintiri a bakin gaɓa, wanda 'yan manyan jirage suke kira kwalekwale. Mutum ashirin da biyar ne a ciki, gadajen ba su kai ba, ana kwanciya karɓa-karɓa.

Tarihin jirgin ba shi da tsawo. Ya fita sintiri sau biyu a farkon yaƙi, ya harba makami uku, duka ukun suka sami ruwa. Hukuma ta duba ta ga ya fi dacewa da koyarwa. Shekara biyar yana nutsewa yana tasowa a wuri ɗaya, ana koya wa sababbin hafsoshi aiki. Suka koya, suka tafi babban teku, yawancinsu ba su dawo ba. Tun shekara ta biyu Hinnerk ya daina tambayar sunayensu.

Aikinsa hana teku shigowa. Kowane bututun da ya ratsa jikin jirgin yana da bawul, wato marufi mai kan ƙarfe da ake murɗawa, kuma Hinnerk ba ya wuce ɗaya bai kai hannu ya ƙara matse shi ba, ko da shi ya rufe shi ɗazu.

"Kai Hinnerk," in ji Jupp mai dafa abinci, "ran da ka yi aure, matarka na buɗe baki sai ka murɗe mata hanci."

"Da miyar kabejinka tana da bawul, da tuni na rufe ta, kowa ya huta."

A farkon watan Mayu na 1945 yaƙi ya ƙare wa kowa, in ban da masu ba da umarni. Aka tara jiragen nutso a wani lungun teku kusa da Flensburg, aka ce kowanne mutanensa su nutsar da shi kafin sojojin Ingila su iso. Kaftin Brodersen, wanda suke kira Tsoho bisa al'ada, ko da yake shekarunsa ashirin da uku, ya kira Hinnerk da hantsi.

"Thiessen, kai za ka buɗe su."

"Yallabai, a ba wani."

"Wa? Shekara biyar ka hana kowa taɓa su. Babu wanda ya san inda rabinsu suke."

Sauran suka sauka cikin jirgin wani masunci. Hinnerk ya shiga shi kaɗai, ya bi bawul ɗaya bayan ɗaya har ƙuryar baya yana buɗewa. Ruwa ya kai masa idon sawu, sanyi kamar wuƙa. Ya juyo ya nufi tsani, idonsa ya cika da ƙwalla har ba ya gani sosai, ya hau ya fito.

Suka ja baya kaɗan, Tsoho ya ce a sara wa jirgin, gaisuwar soja. Kowa ya ɗaga hannu. Jirgin da ke dama ya ɗaga hanci ya nutse. Na hagu ya bi shi. Nasu ya ɗan karkata, ya tsaya nan.

Can Jupp ya ce a hankali, "Yallabai, a sauke hannu, ko a ci gaba?"

Babu wanda ya yi dariya. A kwanakin nan ana harbe soja a kan abin da bai kai wannan ba, kuma daga wani babban jirgi can gefe akwai hafsan da ya kafa musu tabarau na hangen nesa. Jirgin da ya ƙi nutsewa, wani ne ya hana shi, kuma mutum ɗaya ne ya shiga.

Tsoho bai dubi fuskar Hinnerk ba, hannuwansa ya duba.

"Ta ina ka dawo?"

"Ta inda na bi, yallabai."

"Ka wuce su duka kenan."

Sai a lokacin Hinnerk ya ji zafin ƙarfe a tafinsa. Ya buɗe su da tafiya, hannunsa ya rufe su da dawowa, bai tambaye shi ba.

"Jirgin tsoho ne, ba ya sauri," in ji Tsoho da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Sannan ya rage murya. "Koma. Kana gamawa ka sa hannu a aljihu. Tsani kaɗai na yarda ka taɓa."

Ya koma, ya sake buɗewa. Ya tako cikin ruwa har gwiwa, hannuwansa dunƙule a aljihu, bawul na zuba dama da hagu, ya wuce su. Minti goma sha ɗaya jirgin ya yi kafin ya ɓace. Wannan karon Hinnerk bai sara ba, don bai fito da hannun ba.

Ya koma ƙauye ya gaji ubansa. Ya auri Wiebke, wadda ta shekara talatin da huɗu tana buɗe famfon kicin da filaya saboda tsananin matsewarsa, tana mita. Ba ya zuwa taron tsofaffin sojoji. In an matsa masa a kan abin da ya yi a yaƙi, amsarsa ɗaya ce.

"Jirgi ɗaya na nutsar. Namu ne. Shi ma sai da na yi sau biyu."