Kafinta da Allon Kwamfuta

Tun ɗazu mai shagon kwamfuta take kallon dattijon nan da ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Fensir a bayan kunne, garin katako a wuyan riga: kafinta ne, ba sai an faɗa ba. Yana ɗaga modabod, allon da ake dasa kayan cikin kwamfuta a kansa, ya auna da tef, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Baba, ai ba da tef ake zaɓen wannan ba."

"'Yata ce za ta haɗa kwamfutarta," in ji shi. "Ni kuma na ƙera mata akwatin a ɓoye. Sati uku ina goge shi."

Ya miƙo takardar da 'yar ta rubuta sunan allon. Mai shago ta ciro masa. Ya auna sau biyu, leɓensa na motsi. Allon ya fi akwatin da yatsa biyu.

Ga wani ƙaramin allo a gefe, zai shiga akwatin daidai. Ya daɗe yana kallonsa, yana kaɗa ƙafa.

"Naɗe min wanda ta rubuta," ya ce. "Akwati dai ni na yi shi, ni zan ɓalle shi."