Ranar da ƙudan zumana suka tsallaka katanga

Ni kafinta ne a Gwarzo, kuma a lokacin da wannan abu ya faru na fi shekara ashirin ina sana'ar, har na fara ganin babu abin da ya shafi katako da zai gagare ni. Wani mutum ya kawo mini hoton akwatin kiwon zuma a waya, ya ce in ƙera masa guda biyu. Na ƙera uku, na riƙe ɗaya. Tun ina goge katakon nake hango kwalaben zuma jere a ɗakin matata.

Na ajiye akwatin a bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, dab da katangar da ta raba mu da maƙwabcina. Kawun matata, wani dattijo a Durun, ya daɗe yana rataya amya a kan bishiyoyi, don haka na hau babur na je na same shi. Bayan doguwar gaisuwa ya ba ni kakin zuma in shafa a cikin akwatin, ya tambaye ni inda na ajiye shi. Da na faɗa masa sai ya ce in kai shi gona, nesa da mutane da dabbar da ke ɗaure, kuma kada in taɓa buɗewa da rana tsaka ko ba tare da hayaƙi ba. Na ce to, Baba. A zuciyata kuwa cewa nake amyar ciyawa daban, akwatin zamani daban.

Kwana goma sha ɗaya ina leƙawa safe da yamma. Ranar da ƙudan zuma suka zo ina shago, 'yata ta kira ni a waya ta ce wani baƙin gajimare ya sauka a kan mangwaro. Na bar ƙofar wani rabi a haɗe na taho a guje. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba: dunƙule guda kamar tulu yana lilo a reshe, sannan a hankali suka riƙa kwarara cikin 'yar ƙofar da na yanka da hannuna. Na tsaya ina ta dariya ni kaɗai. Daga ranar na koma karya kumallo a bayan gida, ina kallon su suna dawowa da garin fure rawaya a ƙafafunsu. Duk wanda ya shigo shagona, ko ƙusa ya zo saye, sai ya sha labarin zuma.

Ɗokin nan ne ya kai ni ya baro. Wata Asabar bayan azahar, ana tsananin zafi, na ce bari in ɗaga murfin in gani ko sun fara tarawa. Na rufe fuska da gidan sauro, na sa safar hannu, ban kunna hayaƙi ba don ina ganin leƙe ne kawai. Da na zaro ɗaya daga cikin katakan da ke jere ƙarƙashin murfin sai ga saƙa fara tas tana ƙyalli, har na yi kabbara. Amma sabuwar saƙa ce, zafi ya sa ta yi laushi, sai ta tsinke ta faɗa cikin akwatin. Ƙarar da ta tashi har yau tana kunnena.

Ni na sha harbi a wuya da idon sawu, amma yawancinsu katanga suka tsallaka. A can mahaifiyar maƙwabcina, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ragonta na ɗaure a turke kusa da ita. Na ji ihunta, na haura katangar, na lulluɓe ta da tabarma na ja ta ɗaki. Kafin a samo mota fuskarta ta kumbura har idanunta sun rufe, numfashinta yana sama-sama. Ni da ɗanta muka kai ta asibiti. Ragon kuwa bai samu wanda zai kwance shi ba, kafin magariba ya mutu.

Allah ya sa aka kai ta da wuri, kwana biyu aka sallame ta. Mai unguwa ya kira mu, ya ce akwatin ya bar cikin gari kafin Juma'a, ban yi musu ba. Na je na durƙusa gaban Inna ina ba ta haƙuri, ta dube ni da kumburarrun idanu ta ce, "Na yafe maka, amma tunda na sha harbin, zumar farko tawa ce."

Dattijon Durun ya zo da kansa da asuba, ya toshe ƙofar akwatin, muka kai shi gonata ta wajen Mainika. Bai ce ai ya faɗa mini ba, ya dai nuna mini yadda ake busa hayaƙi a hankali, da yadda ake riƙe saƙa a tsaye. Bayan wata huɗu muka cire zumar farko. Na lasa a yatsa, na ji har da ƙamshin fure, na kai wa Inna kwano cike tare da ɗan rago a madadin nata.

Yanzu akwatina shida, kuma har gobe murna nake yi idan zan ɗaga murfi. Abin da na koya shi ne iya ƙera gidan zuma bai sa na san zuma ba. Duk mai sha'awar wannan kiwo ya yi, akwai daɗi da albarka a cikinsa, amma ya zauna gaban wanda ya riga shi ya saurara da gaske. Kafin ya ajiye akwati kuma, ya leƙa ya ga wa ke zaune a bayan katangarsa, don ba mai akwatin kaɗai ake harbi ba.