Babi Biyun da Suka Rage

Na manta sunayen rabin waɗanda muka yi karatu tare a Landan, amma ranar da na kashe injin ɗab'i ana tsakiyar aiki ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin kuɗin man fetur ne. Gwamnatin jiharmu ta tura ni koyon buga littattafai, aka haɗa ni aikin ƙarshen shekara da wani ɗan Japan, mutum mai shiru-shiru, wanda jakarsa ba ta rabuwa da wasu mujallu masu kauri, zane tun daga farko har ƙarshe. Shi ya bayyana mini yadda ake yi a ƙasarsu: labari yakan fito babi-babi duk mako, in ya karɓu a haɗa shi littafi, in ya ƙara karɓuwa a kai shi talabijin. Yayarsa tana cikin masu zanen. Labarinta yana tafiya lafiya sai mai ya yi tsada, takarda ta bi sahu, mujallar ta rage shafuka, aka tsayar da nata saura babi biyu. A bas ya faɗa mini, muna wucewa ta unguwar Aldwych. Na ji nauyi, don man nan shi ya biya mini kuɗin jirgi.

Ashe ta riga ta zana babi biyun, masu karatu kuma suna ta aiko mata wasiƙu suna neman ƙarshen labari. Ya ce babi biyun za mu buga, ya aika wa duk wanda ya rubuto.

Malaminmu, wani dattijon Bature, shi ya jera shafukan. Yini ɗaya tak aka ba mu damar amfani da injin. Da takardun farko suka fito na naɗe ɗaya, sai na ga an jera daga hagu, kamar littafin boko. Ni da na tashi da littattafan ajami, tun ranar farko na lura na Japanawa ma daga dama ake buɗewa. Na dubi abokina, na ga shi ma ya lura.

"Ka gaya masa mana," na ce.

"Malamina ne. Bari ɗalibai su ragu."

Injin kuwa yana ta cin takarda. Na miƙa hannu na kashe.

Malam ya zo, ya saurare ni, bai yi faɗa ba. Ya ce in aka sake jeri, sai bayan ranar miƙa aiki za mu ƙara samun inji, kuma za a rage mana maki. Ya ƙara da cewa babu mai jin Japananci cikin masu jarrabawa, a hakan ma za mu ci.

Abokina ya rusuna ya ce, "Su ba za su gane ba. Waɗanda suke jira za su gane." Sannan ya juyo gare ni, ya ce makin namu ne mu biyu, ba za a sake jeri ba sai in na yarda. Gaskiya sai da na tuna gida da abin da za a ce in na koma da ƙaramin sakamako. Amma na yarda.

Dattijon ya tuɓe kwat, ya zauna muka sake jerin tare, yana tambaya shafi bayan shafi kamar ɗalibi. An rage mana makin. Littattafan suka tafi Japan ta jirgin ruwa, kowanne yana buɗewa daga dama.

Na yi shekara talatin a maɗaba'a bayan na dawo, kuma a wajen abokin nan nawa ɗan Japan na koyi cewa mai karatu ake yi wa aiki, ba mai duba aiki ba.