Bandir ɗin Alawayyo a Shagon Baba

Shekarar da na gama karatun ƙididdiga a jami'a, shagon yadin Baba da ke Dukawuya yana neman durƙushewa. Shi ne cinmu, shi ne shanmu, ga shi Baba ya fara zancen sayar da shi. Ni kuwa a lokacin boko na ɗibata, gani nake babu matsalar da za ta gagari kwamfuta.

Na ce, "Baba, ka ba ni wata uku. Ba masu saye ka rasa ba, jarinka ne yake barci a kan kanta."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Malama, tashe shi."

Na duƙufa ina rubuta kowane yadi, ranar da ya shigo, kwanakin da ya yi, da ribar da ya bari. Jari kaɗan ne, kanta ƙarama, aikina shi ne in nemo haɗin kayan da zai fi kawo riba. Lissafi ya ce a ƙara atamfa mai sauƙin kuɗi, a rage leshi. Ya kuma nuna mini babban mai laifi, wato bandir ɗin alawayyo, farin yadin da ake yankar likkafani. Sai ya yi wata biyu ba a taɓa shi ba, in an yanka kuma yadda Baba ya saro haka yake bayarwa.

Baba ya ce, "Wannan ba na ciniki ba ne."

Na ce, "Duk abin da ya hau kanta na ciniki ne. Mai buƙata ai ga kasuwa nan."

Ya bar ni na yi yadda nake so, don ya riga ya ba ni wuƙa da nama. Na kai wa masu rini bandir ɗin a Ƙofar Mata suka saye, na cike gurbinsa da atamfa. Kuma lissafina bai yi ƙarya ba, shago ya farfaɗo, zancen sayarwa ya mutu. Har tafiyata sai da ta canza.

Wata safiya bayan sallar asuba, maƙwabcinmu mai wankin hula ya yi sallama, matarsa ta rasu. A unguwarmu duk wanda aka yi wa rasuwa ƙofar Baba yake fara bugawa neman likkafani, don kasuwa ba ta buɗewa sai rana ta ɗaga. Ina daga soro na ji Baba ya ce, "Babu, Malam. Ka yi haƙuri." Ban taɓa jin muryarsa ta ƙanƙance haka ba. Jana'izar da aka sa ƙarfe takwas sai sha ɗaya aka yi ta, mutane na zaune a rana suna jiran yadi. Kunya ta hana ni fita gaisuwa.

Washegari na saro bandir na mayar da shi gurbinsa, na kuma sa wa kwamfuta sharaɗi: ta juya komai yadda take so, ban da wannan. Riba ta ɗan ragu, ba wanda ya kwana da yunwa.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, ba mu jira kasuwa ba. Ni na buɗe shagon, na sauko da bandir ɗin, na yanka da almakashinsa. Bayan sadakar bakwai na je na saro wani.