Maiwar da na raba wa mutanen Dakoro

Ba zan faɗi sunana ba, don ƴaƴana suna raye, kuma ba su suka yi laifin ba. Ina rubuta wannan ne saboda ku matasa, ko da yake ban tabbata na cancanci yi wa kowa gargaɗi ba.

Ni ɗan gidan Kirista ne daga wajen Maradi. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na wuce makarantar aikin gona, na fito da takarda a shekarun farko na samun ƴancin kai. Aka turo ni Dakoro, aka ba ni makullin mangaza, wato ɗakin ajiyar iri na gwamnati. Kowa yana ce mini mushe, laƙabin girmamawa na Faransanci da ake yi wa ma'aikata. Mu Kirista ba mu da yawa a garin, a zauren wani tsohon manomi, Baba Nomau, muke sujada ran Lahadi. Matarsa Inna Lami ce ke aiko mini da tuwo, don ba ni da iyali. Takan ce, “Ɗana, karatu ya tsotse ka, ci ka yi kumari.”

Abin ya fara ne da sharar mangaza, in ban manta ba. Gyaɗar da ta zube ƙasa na tattara na sayar, na ce ai ba ta kowa ba ce. Daga nan na shiga ɗibar kaɗan daga bakin buhu. Na sayi takalmi, na sayi rediyo, na fara sha'awar keke.

Wata shekara damina ta yi gardama, gwamnati ta aiko da irin gero mai saurin nuna don a raba wa manoma. Sai wani ɗan kasuwa ya zo mini da shawara. Ya ce in ba shi geron, ya cika mini buhunan da maiwa da ya kawo daga kudu. Na ce ina tsoro. Ya yi dariya ya ce, “Haba mushe, hatsi ai hatsi ne. Wa zai tsaya tambayar ƙwaya sunanta?”

A nan ba ni da uzuri. Na karanta, na san maiwa tana son doguwar damina, na kuma san ruwan Dakoro ba ya jiran kowa. Na dai ce wa kaina watakila bana ruwan zai daɗe. Ranar rabo Baba Nomau ya miƙo ƙwaryarsa, ko dubawa bai yi ba. Ya ce, “Tunda daga hannunka ya fito, ɗana, shi ke nan.”

Gonaki suka yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Kara ya wuce tsawon mutum, ganye shar. Mutanen ƙauyen Ɗan Gulbi har suka aiko mini da kaji. Sai ruwa ya ɗauke, hatsin bai fitar da kai ba. Ya bushe a tsaye.

A ranin nan mutane suka koma cin anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su an yi ta sake ruwa. Inna Lami tana ba jikokinta rabonta, tana cewa ta ƙoshi. Zazzaɓi ya same ta ba ƙarfi, ya tafi da ita. Ba zan ce yunwa kaɗai ta kashe ta ba, ban kuma isa in ce babu hannuna ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki gawarta.

Jandarma suka zo bayan an bincika ragowar buhunan. Ɗan kasuwar ya ce bai taɓa ganina ba. Aka kai ni gidan kaso. Muna ɗibar ruwa, muna faskare, ni kuwa na daina addu'a, don ina ganin wanda ya yi abin da na yi ya riga ya mutu, saura a rufe shi kawai.

Ranar bikin tashin Almasihu daga matattu, ana tsakar zafin bazara, gardi ya ce ina da baƙo. Baba Nomau ne, ya rame, riƙe da ƙullin dafaffiyar anza. Na kasa ɗaga kai. Na ce, “Baba, ni na kashe Inna.”

Ya zauna kusa da ni. Sannan ya ce, “Sata kam ka yi. Ranar da na ji, da na same ka, da hauya zan fasa maka kai, mushe ko ba mushe ba.” Ya ture mini ƙullin. “Ci. Yau da safe mun yi waƙa a zaure, na duba wurin zamanta, na duba naka. Sai na ce, Nomau, in kabarin nan na Yesu da gaske babu kowa ciki, to Lami ajiya ce, za ta tashi. In kuwa za ta tashi, mi zan ce mata in ta tambaye ni ina na bar ɗanta?”

Na yi kuka. Na ce ban ga ta inda mutum irina zai sake rayuwa ba. Ya ce, “Kai da ka karanta noma? Mu nan muna zuba iri cikin busasshen rairayi tun babu ko girgije. Ba mu ga ruwan ba. Mun dai san ya taɓa zuwa.”

Tun ina yaro nake jin cewa Almasihu ya tashi, ina amsawa da baki. Ina jin a ranar na fara fahimta, in har na fahimta. Tashin bai mayar da Inna gida ba, bai cika rumbun kowa ba. Ya dai hana mutuwarta da laifina su zama ƙarshen magana.

Da aka sake ni ban koma aikin gwamnati ba. Na bi ƙauyukan da na cuta ina neman gafara. Wasu sun yafe, wasu sun tofa yawu, kuma ban ga laifinsu ba. Na yi wa Baba noma har ya rasu, muka kwantar da shi kusa da Inna.

Ku matasa, musamman masu takarda, in an ba ku makulli, ku ji tsoron ranar da za ku ce “watakila ba komai”. Na faɗe ta sau ɗaya, mutane suka ci anza. Wanda kuma ya riga ya faɗi, kada ya yanke wa kansa hukuncin mutuwa, akwai tashi. Ina sa ran ganin Inna Lami a ranar nan. Har yanzu ban san abin da zan ce mata ba.