Ya Aisa da Kwalbar Ɗigo

A unguwarmu ta Malam Inna, idan mace ta haihu, bayan an tambayi me aka samu, tambaya ta gaba ita ce ko an kira Ya Aisa. Haka aka yi kusan shekara goma. Babarbariya ce, doguwa, mai faɗa kamar ta ari baki. Rikicin Borno ne ya koro ta Gombe ita da 'yarta ɗaya, ta kama ɗaki a bayan layinmu, ta ci gaba da sana'ar da ta taso da ita, wato wankan jego. Ita ce hura wuta tun asuba, ita ce tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa wa mai jego har sai ta kira sunan uwarta, ita ce gashin cibiya da dama kunun kanwa. Da wannan take rufa wa kanta asiri, ba ta da wata hanya.

A wajenmu kuwa kayan haihuwa ba su cika ba sai an haɗa da wata 'yar kwalba, maganin ɗigo na kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Jariri lafiyarsa ƙalau, sai a riƙa ɗiga masa safe da yamma, wai don ya wanke ƙazantar da ya sha a ciki. Wasu kwana uku, wasu sai ranar suna, wasu sai kwalbar ta ƙare. Ba wanda ya san wa ya fara. Ya Aisa ce gwanar ɗigawa, ko ɗigo ɗaya ba ya zuba a ƙasa, kuma tana alfahari da hakan.

Sai 'yarta ta haifi Suhaib. A rana ta goma jikinsa ya ɗau zafi, ya ƙi kama nono. Mako uku suka yi a asibiti. Aka yi allurar farko, ciwon ko gezau. Aka canza wata, haka. Sai ta uku, wadda aka sha wuyar samowa, ita ce Allah ya sa ta kama. A cikin kwanakin nan ne wata nas mai suna Nancy, Batangaliya mai haƙuri, ta zaunar da Ya Aisa a kan benci ta yi mata bayani. Ta ce ƙwayoyin cuta kamar yaron da ake duka kullum ne, wata rana bulala ba za ta ba shi tsoro ba. Duk lokacin da aka sha irin wannan magani ba gaira ba dalili, ana koya musu juriya ne, kuma waɗanda suka koya ba sa zama a gida ɗaya, yawo suke daga hannu zuwa hannu. Ya Aisa ta gaya mini daga baya cewa ta fara ƙirga jariran da ta ɗiga wa da hannunta, ta kai wani wuri ta kasa ci gaba.

Daga ranar ta ce ita da kwalbar haihata-haihata. Duk gidan da ta shiga, kafin ta hura wuta sai ta faɗa: idan jariri ya yi zafi ita da kanta za ta goya shi zuwa asibiti, abin da likita ya rubuta a ba shi har ya ƙare, amma lafiyayye ba za ta ɗiga masa komai ba. Da a ce ta iya lallashi, da wataƙila ta ci nasara. Ina! Ya Aisa ba ta iya ba. Sai aka fara cewa 'yan asibiti sun juya mata kai, wasu suka ce tsufa ne. Gidaje suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, suka koma wa wata mai wankan da ba ta da musu. Lokacin da na haihu, damanar bara, wata uku ke nan ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Har ta fara ɗaure kaya, tana zancen komawa Borno, inda ba ta bar kowa ba.

Na kira ta. Surukata, wadda muke kira Dada, ta taso daga unguwar Tumfure a keke napep da kwalbar a cikin jaka. Rana ta biyu, bayan an gama wa jaririyar wanka, Dada ta miƙa wa Ya Aisa kwalbar.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji Ya Aisa. "Yarinyar nan ba abin da ke damunta. Ba da hannuna ba."

Dada ta ce jikoki goma sha ɗaya aka ɗiga wa a gabanta, ga su nan suna tsalle. Ya Aisa ta ce ita ma haka ta riƙa faɗa. Magana ta yi tsawo, ƙarshe Dada ta ce ta kwashe ganyenta ta ƙara gaba. Mijina Abdulhamid ya zama kurma a wannan rana. Ni ma ban fi shi ba, na sunkuyar da kai ina kallon tabarma, kuma har yau idan na tuna kunya nake ji. Abin da na iya kawai shi ne na rungume 'yata na ce barci take, na hana a taɓa ta.

Washegari da hantsi na kasa zama. Kowa ya san mai jego ba ta leƙa ƙofar gida sai ta yi arba'in, amma na goya jaririyar kwana uku, na ja mayafi na fita. Matan layi suka bi ni da ido, wata har da tafa hannu. Na sami Ya Aisa zaune a kan ƙunshin kayanta. Ban iya dogon zance ba, na ce 'yar tawa ce, kuma ba za a ɗiga mata komai ba.

Ta dube ni, ta leƙa goyon, idonta ya ciko. Sannan ta rufe ni da faɗa, wai wane rashin hankali ne ya fito da ni cikin iska da ɗanyen jiki. Tana faɗan tana kwance ƙunshin.

"Wuce mu je," ta ce. "Ni zan shiga gaba. Idan Hajiya ta sake korata, gobe ma zan dawo."

Muka bi layin, tana gaba da ganyenta a hannu, kanta a ɗage, ina biye da ita a hankali. Ban taɓa jin daɗin a kalle ni kamar wannan rana ba.