Hindatu Mai Ludayi da 'Yan Teyatur na Urafane

In ka shiga Urafane ka tambayi Hindatu, za a ce maka wacce, don garin na da Hindatu da yawa. Amma ka ce Mai Ludayi, kafin ka rufe baki an fara dariya ana nuna maka hanya.

A ruga ta tashi, arewa da gari, cikin shanun ubanta. Ta auri Yakubu, makiyayi mai shiru-shiru, wanda ko gaisuwa yake taƙaitawa. Ita kuwa Allah ya hore mata baki, Fulatanci da Hausa kowanne na rige-rigen fita. Duk ranar kasuwa takan sauko gari da ƙwaryar nono.

A zamanin samariya ne, lokacin da gwamnati ke haɗa matasa cikin ƙungiyoyi, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, Abdussalamu, wanda ake ce ma Mushe kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, ya tara matasan gari ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, abin da mutane ke kira teyatur. Ba su da zaure. Amalanke biyu suke haɗawa a bakin kasuwa bayan la'asar, a tokare da turame, a rataya zane a baya. Gemu na auduga ne, tumbi kuma ƙunshin tsumma.

Hindatu ba ta taɓa jin labarinsu ba. Ran nan ta sayar da nononta, za ta gida, ta ga taro, ta kutsa. Sai ga wani ƙaton mai tumbi bisa amalanke yana bugun ƙirji, wai ya shuka hatsi a kan burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, duk saniyar da ta taka kuma tashi ce. Mai tumbin nan Na Allah ne, wani tela, amma ina ta sani? A gabanshi wani ya durƙusa da malafa da sanda, wai shi Bafulatani, yana kuka. Daminar nan kuwa shanun Yakubu sun sha zagaye kafin su kai tabki, saboda irin wannan shuka.

Ta dire ƙwarya, ta haye amalanke, ta ɗaga ludayi. Ƙwas! a tsakar kan Na Allah.

"Kai mara kunya! Burtali gadon ubanka ne?"

"Baiwar Allah, wasa ne!"

"Da ƙishirwar shanu ake wasa?"

Ta cakumo gemunshi, gemu ya biyo hannunta. Ta dube shi, ta dubi haɓar Na Allah fes kamar ta jariri, ta ƙwalla ihu: "Wayyo Allah, na tsige ma mutum gemu!"

Kasuwa ta kife da dariya. Mahauta suka bar nama, wani tsoho ya faɗo daga jaki. Mushe ya taso zai raba, sai ya ga manoma da makiyaya sun rirriƙe juna don dariya, mutanen da tun farkon damina ba su ko gaisawa. Ya raɗa ma Na Allah: "Kar ka tsaya, ba ta amsa!"

Na Allah ya dafe kai ya ce, "To, waken da shanunku suka cinye mani fa?" Ta ba shi amsa, ya mayar. 'Yan kallo suka tsoma baki, wannan ya kawo kukanshi, wancan ya kawo nashi, ana yi ana tuntsira dariya. Kafin kasuwa ta zagayo dattawan ɓangarorin biyu suka taka burtalin tare, suka kafa duwatsu.

Mushe ya hau keke har ruga neman izinin Hindatu ta shiga ƙungiya. Yakubu ya saurare shi, sannan ya ce, "In za ta yi surutun can in huta nan, Mushe, Allah ya ba da sa'a."

Ba ta yi lakwal ba, ba ta kuma taɓa haddace magana ba. A gaya mata labarin kawai, sauran nata ne. Abokan wasa sukan hau amalanke gabansu na faɗuwa, don ba wanda ya san abin da zai fito daga bakinta. Na Allah ya ɗinka ma kanshi hula mai cushen auduga. Suka yi wasa kan rigakafi, kan saran itacen gawo, kan sayar da hatsi da arha tun kaka a dawo ana nema da bazara. Suka kai Attantane, suka kai garuruwan Sarkin Hausa da Mayahi. A gasar Tasawa sun zo na biyu, ko da yake ita har gobe ta ce alƙalan ne dariya ta hana su lissafi. Danginta ma ba su tsira ba: da ta kwaɗa ma mai sakin shanu cikin wake ludayi, 'yan ruga suka yi ta fushi da ita har kaka ta wuce.

Samariya ta watse, aka ɗauke Mushe zuwa wani gari. Gidajen bidiyo suka zo, bayansu wayoyi. Ƙungiya ta rage daga ita sai Na Allah sai wanda ya samu sarari. Ba su bari ba. Ko mutum nawa suka tsaya kallo, sai an yi.

Bara, bayan an kai amfanin gona gida, suka shirya wasa kan masu ƙone daji. Amalanken aro ce, mai ita kuma yana sauri, bai kwance jakin ba. Hindatu, kai duk furfura, ta hau ta fara zuba. Can bayan kasuwa wata jaka ta yi kuka. Jaki ya miƙe kunnuwa, ya amsa, ya zabura da amalanke da Hindatu gaba ɗaya.

"Inna, ki riƙe! Inna, ki zauna!" matasa ke ihu.

Ta zauna daɓas, ta riƙe katako da hannu ɗaya, amma bakin bai tsaya ba. Ta ratsa layin 'yan gishiri tana tsine ma masu ƙone daji, ta wuce 'yan tukwane tana yi. Kasuwa duka ta biyo ta da gudu, Na Allah a baya, tumbi ya zazzago mashi har gwiwa. Sai bakin rijiya jakin ya tsaya.

Ta sauko, ta karɓi ruwa wajen mata ta sha, ta jira Na Allah ya iso.

"Tela, ina muka tsaya?"

"Inda zan ce... ban yarda ba," in ji shi yana haki.

"To, ce mana!"

Ya buɗe baki, dariya ta ci ƙarfinshi, ya zube bisa yashi. Nan bakin rijiyar aka ƙarasa wasan, masu ɗibar ruwa ne a sahun gaba.

Wani ya ɗauka da waya, hoton ya kai har Maradi. Yanzu duk ranar kasuwa samari da 'yan mata na zuwa shagon Na Allah a gwada su ko za su iya wasan. Mai jakin ma ya zo, wai tunda dabbarshi ta yi suna, a sa shi cikin ƙungiya. Hindatu ta ce a fara gwada jakin, shi ya jira.